Ƙayar ƙarangiya a idon Ƴar Toka: kwana 13 ana ɗige-ɗige kafin a duba

Ƴar Toka kyanwar mahaifiyata ce. Shekararta huɗu a gidanmu da ke unguwar Birni, nan Damagaram. Tana ƴar mitsitsiya yara suka tsinto ta a lungu, Inna ta raine ta da madara da kan kifi, har ta zama ita ke kwana a ƙafar gadonta, ita ke hana ɓera sakewa a ɗakin hatsi. Na rubuta abin da ya sami idonta na hagu ne dalla-dalla, domin ni na sayo kwalbar maganin idon da ta cinye mana kwana 8 daga cikin kwanakin da ya kamata a ce an ceci idon, kuma har yau ana tallar irin wannan kwalba a wayoyinmu.

Yadda abin ya fara

Ƙarshen kaka ne, hunturu ya fara leƙowa, ƙura ta fara tashi. Mun sayi ciyawar ragon da muke turkewa, aka jibge ta a kusurwar tsakar gida. Duk wanda ya taɓa sayen busasshiyar ciyawa a ƙasar nan ya san ba a raba ta da ƙarangiya. Ƴar Toka kuwa a cikin tulin nan take wuni tana dakon ɓera.

Wata safiya ta fito idonta na hagu a rufe, hawaye na zuba ta gefen hanci, tana kai hannu tana goge shi. Na dama kuwa lafiya lau. Tana ci, tana sha, ba atishawa, ba majina. Inna ta ce ƙura ce, ko kuma apolo irin na mutane. Ta dafa shayi ba sukari, ta bari ya huce, ta riƙa wanke mata idon da auduga safe da yamma. Kwana 2 ana haka, idon bai buɗe ba.

A rana ta 3 aka koma zuma. Inna ta ɗebo ta ainihi, wadda wani ɗan'uwa ya kawo mata daga ƙauye, ta sirka da ruwa ta ɗiga. Kyanwar ta yi ƙara, ta fizge, ta haye katanga, ba ta sauko ba sai da almuru. Maƙwabciyarmu ta ce ai zafin nan shi ne maganin ke aiki. Wata ta ce a nemi nonon mai shayarwa, wata ta ce a shafa mata kwalli. Wani yaro ma ya kawo shawarar a daka mata rabin farasitamol a cikin madara tunda tana jin ciwo. Wannan ɗaya Allah ya tsare ba mu yi ba, don daga baya likita ya gaya mana hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 tana iya kashe ta.

Kwalbar

A rana ta 5 na shiga maganar. Ina cikin wani zauren WhatsApp na masu kiwon kaji da tantabaru, kuma akwai wani mutum da yakan sanya tallar maganin ɗigawa a ido, na dabbobi. Hoton kwalbar na da kyau: kare da kyanwa da doki, ganye kore a gefe, an rubuta da Faransanci da Turanci cewa ɗari bisa ɗari daga tsirrai ne, babu sinadari. A ƙasa an jera abin da yake warkarwa: yanar ido, jan ido, bushewar ido, hawan jinin ido, kwantsa, hakiya. Na tura masa hoton Ƴar Toka. Bai yi minti biyar ba ya amso da murya cewa yana ce ta fara, kuma maganinsa na narkar da ita cikin mako biyu. Ya haɗo mini da hoton wani labarin jarida mai cewa masana sun gano ɗigon da ke narkar da yana a idon karnuka. Na tura masa jika 6, wato sefa dubu 6. Muka jira kwana 2 kafin wani direba ya kawo saƙon tasha.

Abin da ya ja ni shi ne kalmar nan ta "babu sinadari". A raina na ce ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba. Na kuma yi tunanin kunya: namiji da gemunsa ya rungumi kyanwa ya hau kabu-kabu zuwa wurin likitan dabbobi, inda mutane ke layi da shanu da tumaki da raƙuma. Kwalbar ta ba ni hanyar da zan ce na yi wani abu ba tare da na fita ƙofar gida ba.

Da ta iso na juya ta. Babu ranar da aka yi ta, babu ranar lalacewa, babu adireshin masana'anta, babu lambar rajista ta kowace ƙasa. Murfin ba shi da zoben nan da ke tsinkewa idan an buɗe karon farko. Cikin abubuwan da aka ce an haɗa akwai sunayen tsirrai biyu da na iya karantawa, Cineraria maritima da Euphrasia. Na ga duk wannan da idona, amma na riga na biya, Inna kuma na tsaye tana jira. Muka fara ɗigawa sau uku a rana daga rana ta 7.

A rana ta 9, da muka buɗe idon da ƙyar, sai ga wani fari-fari kamar hayaƙi ya lulluɓe baƙin idon, kwantsar kuma ta koma ruwan ɗorawa mai kauri. Na sake tura hoto. Amsarsa ita ce: "Alhaji, ciwon ne ke fitowa waje. Ku ƙara zuwa sau biyar." Muka ƙara.

A rana ta 10 maƙwabciyar nan ta kawo wata ƙaramar kwalba da ta saya wurin masu tallar magani a kan faranti, wadda ta ce ita ta warkar da jikanta daga apolo. Muka haɗa biyun. Washegari jan ya ragu, kumburin fatar ido ya sauka, har kyanwar ta ɗan buɗe idon. Inna ta yi hamdala. Ni kuma na ba kwalbata yabon. A daren rana ta 12 na haska tocila, sai na ga a tsakiyar farin nan akwai wani ɗan rami, kamar an danna kan allura a jikin kyandir. Ƴar Toka ta daina cin abinci, ta shige ƙarƙashin gado.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan farinta. Cewa ta yi: "Kai, gobe in Allah ya kai mu ka ɗauke ta ka kai ta wurin masu sani. Amana ce, za a tambaye ni." Na ce: "To, Inna, ku kwantar da hankalinku." Da safe na naɗe ta a tsohon zane, na sa ta a kwando.

Wurin likita

Likitan bai yi dariya ba, bai kuma yi mamaki ba. Ya tambayi kwana nawa, ido ɗaya ne ko biyu, tana atishawa ko a'a, me da me aka zuba. Na jera masa kwalabe biyun a kan tebur. Tawa ya juya ta sau ɗaya ya ajiye. Ta maƙwabciya ce ya tsaya ya karanta, ya nuna mini wata kalma da yatsa: deksametazon. Ya ce: "Malam, wannan kwana nawa kuka yi kuna sa mata?" Na ce uku. Ya girgiza kai.

Ya yi mata allurar da ta sanyaya mata jiki, ya ɗiga maganin kashe zafi a idon. Sai ya ɗauko wata ƴar siririyar takarda mai kai ruwan lemo, ya jiƙa, ya taɓa idon da ita, ya wanke, ya haska da fitila mai shuɗin haske. Sunan rinin fuloresin. Ba ya kama lafiyayyen ido, sai inda fatar sama ta saluɓe. Wani wuri mai faɗin ƙwayar wake ya kama kore shar, daga kusurwar hanci zuwa tsakiya, ramin nan na zaune a cikinsa.

Kyanwa da kare suna da wata fatar ido ta uku da mu mutane ba mu da irinta, tana fitowa daga kusurwar da ke wajen hanci tana share idon. Likitan ya sa ƙaramar matsefata ya ɗaga ta. A bayanta, a maƙale cikin nama, ga ƙayar ƙarangiya guda, ta jiƙa ta yi baƙi. Ya zare ta ya ɗora a kan auduga ya miƙo mini. Duk aikin, daga allura zuwa zarewa, bai kai minti 20 ba. Kwana 13 ke nan duk ƙiftawar da kyanwar ta yi, ƙayar na kankarar gilashin idonta.

Ya yi mini bayani da zane a bayan takarda. Fatar nan mai haske kamar gilashi da ta rufe baƙin ido, kaurinta a kyanwa bai fi rabin milimita da ɗan wani abu ba. Idan ta ƙuje sama-sama aka kuma cire abin da ya ƙuje ta, takan rufe cikin mako guda. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, sai gyambon ya fara nitsewa, kuma akwai irin da ke narkar da gilashin ya huda shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Farin da muka gani ruwa ne ya shiga cikin gilashin ta wurin gyambon. Yana kuwa ba a nan take ba sam, can ciki take, a wata ƙwaya da ke bayan baƙin ido. Mai kwalba ya kalli hoton waya ya sanya wa ciwon sunan da ba nasa ba, ya sayar mini da maganin wannan suna.

Deksametazon kuma yana rage ja da kumburi, shi ya sa muka ga kamar sauƙi. Amma a idon da ke da gyambo yana hana fata rufewa, yana raunana garkuwar wurin, yana kuma ƙara wa abubuwan da ke narkar da gilashin ƙarfi. A ganin likitan, a waɗannan kwanaki ukun ne ramin ya fi nitsewa. Dole in faɗi wannan don kada in zalunci kowa: maganin da ya fi yin ɓarna kai tsaye na masana'anta ne, ba na ganye ba. Laifin kwalbata dabam ne. Ita ce ta sa muka zauna a gida, ita ce ta fassara mana kowace alamar haɗari a matsayin alamar warkewa, har aka kai ranar da aka kawo ɗayar.

Abin da na bincika daga baya

Labarin jaridar da mai kwalba ya turo mini gaskiya ne, shi ya sa ya fi ƙarya haɗari. A shekarar 2015 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike kan wani sinadari mai suna lanostirol, inda aka ga yana ta ragu a idon zomaye da wasu karnuka ƙalilan. Amma karnukan nan sai da aka yi musu allurarsa a cikin ƙwayar ido, ba ɗigawa kaɗai ba. Wasu masanan da suka gwada shi daga baya a kan yanar da aka ciro daga idon mutane ba su ga ta narke ba. Kuma ko sunan wannan sinadari babu a jikin kwalbar da na saya. Akwai wani ɗigon kuma da aka daɗe ana tallarsa a Turai da Amurka da sunan maganin yana, mai ɗauke da sinadarin karnosin. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta auna su, ta ce ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa yana warkar da yana ko yana hana ta ci gaba ba. Har yanzu, a mutum da dabba, aikin tiyata ne ke cire yana.

Da na sake karanta jerin cututtukan da ke jikin kwalbar, sai na ga ya kamata jerin kansa ya farkar da ni. Bushewar ido ƙarancin hawaye ne. Hawan jinin ido ruwan ciki ne ya kasa fita har ya danne jijiya, kuma a kare yana iya makantarwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Yana ƙwayar ciki ce ta daskare, kuma yawancin karnuka masu ciwon sukari kan same ta cikin shekara guda. Tsohon kare ma idonsa kan yi shuɗi-shuɗi don tsufa kawai, yana gani sarai, ba ya bukatar komai. Jan ido a kyanwa sau da yawa wata ƙwayar cutar mura ce da ke zama a jikinta tana tashi lokaci-lokaci. Dalilan nan ba su haɗa hanya ba. Babu yadda ruwa ɗaya zai ƙara hawaye, ya rage ruwan ciki, ya narkar da yana, ya kashe ƙwayar cuta, balle ya zare ƙaya.

To me ya sa mutane ke rantsuwa cewa ya yi musu aiki? Ba ƙarya suke yi ba. Ciwon ido da yawa, irin na ƙura ko na murar kyanwa, yana lafawa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Duk abin da aka ɗiga a waɗannan kwanaki shi ke cin yabo, shayi ne ko nono ko kwalbar jika 6. Wanda dabbarsa ta warke shi ke tura saƙon godiya a zaure. Wanda idon tasa ya fashe yakan yi shiru ya ce ƙaddara ce. Mai talla kuma saƙon na farko kaɗai yake nuna mana.

Tunanina na cewa "ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba" shi ma bai tsaya ba. Ido ba ciki ba ne. Abin da muka haɗiye yana tarar da ruwan ciki mai tsami da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma abin da aka ɗiga a kan gyambon ido kai tsaye yake shiga. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bi sawun wani ɗigon jiƙa ido na mutane da ya gurɓata da ƙwayar Pseudomonas: mutum 81 a jihohi 18 suka kamu, 14 suka rasa gani, aka ƙwaƙule idon mutum 4, wasu 4 suka mutu. Wannan kwalba ce ta masana'anta, a rufe da hatiminta. Ina ga wadda ba a san inda aka ɗura ta ba, ta kuma kwana cikin zafin mota? A nan Afirka ma, wani binciken likitocin ido a Tanzaniya da aka buga a 1994 ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na masu gyambon ido da aka duba sun zuba maganin gida kafin su zo asibiti. Kwallin da aka ce mu shafa kuwa, na dutse da yawa dalma ce a cikinsa, kyanwa kuma duk abin da ya taɓa fuskarta sai ta goge da hannu ta lashe.

Maganar zuma

A nan muka ɗan sha bamban da Inna, kuma ban ɗauki hujjarta da wasa ba. Ta ce Allah da kansa ya faɗa a Suratun Nahli cewa a cikin zuma akwai waraka ga mutane. Haka ne, kuma likitoci ma suna amfani da zuma a kan wasu raunukan fata. Amma tasu an tace ta, an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta, an auna ƙarfinta. Ɗanyar zuma tana da tsami fiye da hawaye nesa ba kusa ba, shi ya sa Ƴar Toka ta yi ƙara, kuma da zarar an sirka ta da ruwan tulu an rage mata ƙarfin da ke hana ƙwayar cuta rayuwa a cikinta. Na ce wa Inna: da ƙaya ce ta soki jikanku a tafin ƙafa, ai matsefata za ku fara ɗauka kafin zuma. Ta yi shiru, sannan ta ce ai ba ta san da ƙayar ba. Haka ne, babu wanda ya sani cikinmu, kuma babu yadda za mu sani da tocila a tsakar gida.

Ban dawo ina ƙin ganye ba. Ɗaya daga cikin magungunan da likitan ya rubuta, atirofin, asalinsa daga wani tsiro ne mai guba da ke fitowa a Turai. Man idon nan na tetarasikilin da aka daɗe ana raba wa yara saboda amodari a yankinmu, danginsa daga ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa aka gano su. Bambancinsu da kwalbata shi ne an san abin da ke ciki, an san yawansa, an gwada shi a kan ciwon da aka ambata, kuma akwai wanda za a kama idan ya cutar.

Jinya da abin da ya rage

Likitan ya hana mu kwalabe biyun. Ya rubuta ɗigon kashe ƙwayoyin cuta wanda babu deksametazon a ciki, kowane awa 2 a kwanakin farko, har cikin dare. Ya ba da atirofin na shafawa don rage zugin cikin ido, ya ce na ɗigawa yana da ɗaci, idan ya gangara baki kyanwa sai ta yi ta dalalar da miyau. Ya yi mata allurar rage ciwo ta dabbobi. Ya yanka wata roba ya naɗa mata a wuya kamar mazurari don kada ta kai hannu. Na wankewa kuma ya ce mu sayi ruwan gishirin nan na farmasi da ke zuwa cikin ƙananan robobi, a buɗe ɗaya a yi amfani da ita a yar. Ya ce shi kaɗai ne ya yarda a zuba a idon dabba kafin a kawo ta, kuma idon da ya wuni ya kwana a rufe, ko ya yi fari, ko ya kumbura, washegari a kawo shi. Duk kuɗin ranar, da magani da komai, ya ɗan ɗara abin da na biya mai kwalba.

Mun raba dare, Inna na farko, ni na biyu. Mun koma bayan kwana 2, ramin bai ƙaru ba. A mako na biyu wasu siraran jijiyoyi ja suka taso daga gefen ido suka nufi gyambon, na tsorata, likita ya ce su ne masu kai kayan gyara. A ƙarshen mako na huɗu rinin bai kama ko'ina ba.

Idon bai fashe ba, amma hakiya ta zauna a tsakiyarsa, fara sol, kuma likita ya ce za ta ɗan rage amma ba za ta tafi ba. Ƴar Toka tana ganin motsi ta gefen idon. Idan za ta hau katanga yanzu sai ta karkata kai ta auna da na dama, wani lokaci ta yi tsalle ta gaza. Likitan ya ce da a rana ta 2 ko ta 3 aka kawo ta, mai yiwuwa da ko tabo ba za a gani ba.

Na tura wa mai kwalba hoton ƙayar a kan auduga, na tura shi a zauren ma tare da bayanin likita. Bai amsa ba. Mutum biyu sun biyo ni ta gefe suna tambayar inda likitan yake, ɗaya na da kare mai jan ido, ɗaya na da tunkiya. Ciyawar rago kuma mun mayar da ita ɗakin da ke da ƙyaure. Ƙayar na nan cikin kwalin ashana a kan kwabar Inna, ta nuna wa maƙwabciyar nan ranar da ta zo neman ragowar kwalbar don ɗan akuyarta.